Shafin da Ya Ƙi Ɗaukuwa

Da jan biro malamin ya rubuta umarnin a gefen shafi na 47, kuma bai wuce layi biyu ba: a ɗauke wannan shafi da biyar ɗin da ke biye da shi, a kai su kafin jadawalin kalmomi, domin mai karatu ya fara ganin yadda ake dafa gishiri kafin a jera masa sunayen kayan aikin. Gyara ne mai ma'ana, ɗalibar kuwa ta karɓe shi ba musu. Ta saka kundin a jaka, ta kama hanyar gida daga Sakkwato, ta Birnin Kebbi da Kamba, tana lissafin cewa cikin duk gyare-gyaren da aka ɗora mata wannan ne mafi sauƙi. Ai zare takarda shida ne daga tsakiya a mayar da su gaba. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓar kundayen digiri na biyu, ita kuwa minti biyar ta ware wa wannan aiki a ranta.

'Yar Bana ce, wani gari a gundumar Gaya ta jihar Dosso, can kusurwar kudu inda Nijar ta yi iyaka da Nijeriya da Benin. Yankin ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar, ga giginya jere-jere, ga kuma kwarin Dallol Foga, inda tun zamanin fatake ake dafa gishiri ana loda wa jakuna zuwa kasuwanni masu nisa. Asalin mutanen wurin da yawa Kyangawa ne, waɗanda takardun Faransanci ke rubutawa Tchanga. Harshensu na kaka da kakanni ɗan gidan Mande ne, ɗan'uwan harsunan Busa da Shanga da Boko (Bokon ƙasar Borgu, ba na 'yan makaranta ba), amma a yau mafi yawansu Hausa ko Dandanci suke yi, sai 'yan ƙauyuka ƙalilan a jihar Kebbi inda har yanzu ake jin harshen a bakin mutane. Kundin nata a kan kalmomin sana'ar gishiri ne a Hausar Bana. Abin da ya ba shi daraja a idon malaminta shi ne wasu 'yan kalmomi da ta tsinta a bakin kakarta, waɗanda ta neme su a ƙamusun Bargery na 1934 ba ta samu ba, ba su kuma yi kama da Dandanci ba. Harshe idan zai bar gari ba ya kwashe kayansa kaf. Yakan manta wasu a madafa da wuraren sana'a, inda mata ke ci gaba da faɗinsu ba tare da sun tambayi asalinsu ba. Dalilin zuwanta gida ke nan a irin wannan ƙurarren lokaci: ta sake jin karin sautin kalmomin a bakin tsohuwar kafin a ɗaure kundin.

Kwana biyu da isowarta ta hau kabu-kabu zuwa Gaya, domin a Bana ba ta da inda za ta buga takarda, batirin 'yar kwamfutarta kuma ba ya riƙe wuta sosai. Gaya gari ne na masu wucewa. A lokacin, gadar da ta haɗa shi da Malanville ta sa ya cika da direbobi da dillalai masu bin takardun duwan, saboda haka shagunan buga takardu ba su yi wuyar samu ba. Ta shiga wani, ta miƙa wa saurayin da ke zaune filas ɗinta, ta buɗe masa kundin da malami ya yi wa jan biro, ta ce ya ja mata shafi na 47 zuwa na 52 ya ajiye su kafin jadawali, kamar yadda take gani ana jan allunan PowerPoint da linzami ana sauya musu wuri.

“Malama, a nan shafi ba shi ɗaukuwa,” in ji shi. “Sai dai a yanka a liƙa.”

Ta ce to ya yanka. Ya gangara har inda kwamfutarsa ta nuna masa 47 a ƙasan allo, ya ɗora linzami a kan kalmar farko, ya ja har ƙarshen 52, ya danna Ctrl da X, ya hau sama, ya danna Ctrl da V. Hannunsa ya saba, ko minti biyar ɗin da ta ware bai cinye ba. Ya buga mata babin, ya ƙirga takardun da yatsa, dala goma kowane shafi. A wurinsa shafi abu ne na haƙiƙa, tunda da shi yake cin abinci. Rana ta yi ƙasa, mai babur yana jira a waje, ta naɗe takardun ba ta karanta ba.

Da dare, bayan lisha, ta zauna a bakin tabarmar kakarta da hasken wayar salula, domin ta yi alkawarin ba za ta miƙa kundin ba sai tsohuwar ta ji abin da aka rubuta da sunanta. Ta karanta gabatarwar babin lafiya. Tana shiga bayanin aikin, sai ga shi ya fara da hura wuta da ɗora tukunya.

“Ke kishiya, tsaya,” in ji tsohuwar. “Wa yac ce miki haka nic ce? Ina anka taɓa ɗora tukunya ba a kankaro ƙasa an tace ba? Ko gishirin taɓo za ki kai ma mijin namu?”

Yaran da ke kwance a gefe suka fashe da dariya. Ita kuwa jikinta ya yi sanyi. Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ga kankarar ƙasa da zuba ta a kwando da kwarara mata ruwa duk an baro su can baya, a tsohon wurinsu, an ɗauko dafuwa da ɗaurin kaba, an kuma haɗo da wani yanki na sashen da ba a ce a taɓa ba. Wannan mai sauƙi ne, domin ko wanda bai taɓa ganin Foga ba zai ji labarin ya gurgunce. Abin da ya tayar mata da hankali yana wurin da wuƙar ta bi. Yankan ya faɗa a tsakiyar sakin layi, daidai bayan kalmar da tsohuwar ke kiran ruwan farko da ke ɗigowa daga matata, ruwan da ya fi kowane kauri. Da aka cire abin da ke tsakani, sai bakin yankan biyu suka haɗu, kalmar ta tsinci kanta manne da bayanin ɓawon da ke kamawa a gindin tukunya. Jimlar ta tashi sumul, ba ta da aibi ta fuskar nahawu. Babu malamin da zai gano wannan a ranar kare kundi, domin babu wanda ya san kalmar sai tsohuwar nan da 'yan tsararrakinta. Da an ɗaure, an ajiye a laburare, wani ya zo ya ɗauka ya kafa hujja da ita, wani kuma ya ɗauka daga wurinsa. Kuskuren da ya shiga jerin kalmomi na harshe mai ƙarewa ba ya samun mai gyara shi da wuri, saboda masu iya gyaran su ne ke tafiya.

Ba laifin mai shago ba ne. Abin da aka ce ya yi shi ya yi. Matsalar tana cikin wata gaskiya da yawancin masu rubuta kundi ba a taɓa zaunar da su an faɗa musu ba, wato a cikin Word babu shafi. Abin da ke ciki doguwar igiya ce ta rubutu, sakin layi bayan sakin layi, daga bismilla har ƙarshen rataye. Shafi awo ne kawai da manhajar ke yi wa igiyar a duk lokacin da aka buɗe fayil. Igiyar guga ɗaya ce, dogon mutum ya auna ya ce gaba goma sha ɗaya, gajere ya auna ya ce goma sha biyu. Wanda ya ce a yanko masa gaba ta biyar, sai a tambaye shi da hannun wa. Hannun da Word ke awo da shi kuwa ya haɗa da girman takarda (A4 milimita 210 ce da 297, takardar Amurka ta fi ta faɗi kaɗan amma ba ta kai ta tsawo ba), da faɗin gefe, da tazarar layuka, da zubin haruffan da ke kan na'urar. Ɗalibar ta rubuta kundinta da Charis SIL, zubin da masu nazarin harshe ke so saboda yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da alamomin karin sauti ba tare da sun karkace ba. Zubi ne mai sakin tazara tsakanin layuka. Kwamfutar shagon ba ta da shi, sai ta musanya shi da wani a shiru, rubutun ya tsuke, shafi 118 suka koma 111. Shafi na 47 na Gaya ya riga na Sakkwato da kusan shafi uku. Waɗanda suka yi rubutu a shekarun 1990 sun san irin wannan ciwo fiye da haka: zubin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro don haruffa masu ƙugiya, sun share wa marubuta hawaye ƙwarai, amma idan aka kai fayil na'urar da ba ta da su, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi dabam. Tsarin Unicode ya magance wannan. Bai hana shafi zamewa ba.

Haka aka gina abin tun asali, kuma da gangan. Manhajar Bravo, wadda Charles Simonyi da Butler Lampson suka yi a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a 1974, ita ce ta fara nuna wa marubuci rubutunsa a allo kamar yadda zai fito a takarda. A cibiyar nan ce kuma Larry Tesler da Tim Mott suka mayar da almakashi da gam na editocin da suka zama umarnin yanka da liƙa. Simonyi ya koma Microsoft, Word ya fito a 1983. Babban alherin da aka yi wa marubuci shi ne ya ƙara jimla a shafi na 3 ba sai ya sake buga sauran ɗarin ba, kamar yadda masu tafireta suka sha fama. Rubutun da kansa zai matsa gaba. Farashin wannan alheri shi ne shafi ya daina zama abin riƙewa. Fayil mai ƙarewa da docx, wanda ya zama ruwan dare tun daga 2007, jaka ce matsattsiya mai ƙananan fayiloli a ciki. Wanda ya kwance ta zai ga sakin layi da jadawali da bayanin girman takarda, amma ba zai ga wani akwati da aka ce nan ne shafi na 47 ba. PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, shi ne akasin haka: a can an daskarar da kowane shafi, ana iya ɗaga shi a sauya masa wuri, sai dai rubutun ba ya gudana kuma.

Duk wannan ba a daren nan ta san shi ba. A daren nan ba ta san komai ba sai cewa saura kwana takwas. Da safe ta shiga zauren ƙanen kakanta don gaisuwa, dattijon da ya shekara hamsin yana ba da karatu a wurin. Lokacin hunturu ne. Ya kwance tadarishi ya baje Risala ta Ibn Abi Zaidin a kan buzu, kwafin da mahaifinsa ya rubuta da hannu, da fassarar wasu kalmomi cikin ajami a tsakanin layuka. Wani yaro ya ɗaga asabari, iska ta shigo, warƙoƙi bakwai ko takwas suka tashi.

“Amarya, miƙo man waccan da taf faɗa gindin randa.”

Ta tattaro su tana juyawa tana neman lamba. Babu. Ta ce, “Malam, yanzu yaya za a gane wadda ke gaba?”

“Lamba ta mi? Duba nan ƙasa.” Ya nuna mata bayan warƙar, can kusurwar hagu, inda wata kalma guda take zaune ita kaɗai a ƙarƙashin layin ƙarshe. “Kowace warƙa tana kiran ƙanwatta da suna.”

Kalmar nan ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Larabawa suna ce mata ta'aƙiba, a Magrib kuma raƙƙas, wato mai rawa. Ta sha ganin ta tun tana yarinya a makarantar allo, ba ta taɓa tambayar amfaninta ba. Littattafan hannu na ƙasar Hausa da Barno ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, a tsakanin fata biyu, a cikin gafaka, kuma da hikima a cikin hakan, domin almajirai uku suna iya raba littafi guda kowa ya ɗauki inda yake karatu. Takardar kanta sau da yawa daga Italiya ta fito, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske. Ma'aikatan da ke kula da irin waɗannan littattafai, a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda tarin Boubou Hama ya zama tushensa, sun san cewa kafin a ce ga sunan littafi ga mawallafinsa, sau da yawa sai an fara bin 'yar kalmar nan an jera warƙoƙin. Turawa ma sun yi amfani da ita a littattafan ɗab'i har cikin ƙarni na 18.

Dattijon ya jera shida cikin ƙiftawar ido, ya tsaya a kan biyu. Duka biyun da kalma iri ɗaya suka fara, irin kalmomin da ke yawan maimaituwa a littafin fiƙihu. A nan ta'aƙiba ba ta raba gardama. Sai ya karanta layin ƙarshe na warƙar baya a bayyane, ya ɗora masa farkon wannan, ya girgiza kai, ya ɗora masa farkon waccan, ya ce, “Yawwa.” Ma'ana ce ta raba.

Ta fito zauren da abin da take buƙata, ko da yake ba ta iya faɗinsa a lokacin ba. A littafin dattijon warƙa abu ce ta haƙiƙa, ana iya ɗaga ta, amma ba ita ke riƙe da jeri ba. A kwamfutarta warƙar ma babu. A duka biyun, rubutun ne ke ɗaure da rubutu. Ashe tambayar da ta kai Gaya ce ba daidai ba: shafuka shida ta ce a ɗauka, alhali abin da malaminta ke nufi sashe guda ne mai kai da ƙafa.

Sa'arta ɗaya, kwafin filas aka yanka, na cikin kwamfutarta yana nan yadda yake. Ta kai ta wurin mai cajin waya da ke aiki da farantin hasken rana, ta kira wata abokiyar karatunta da ta taɓa aikin ofis, aka yi mata bayani har katinta ya ƙare. Da farko ta ajiye kwafi na biyu da kwanan wata a sunansa. Sa'an nan ta danna maɓallin nan mai alamar ¶, wanda ke tona duk abin da ke ɓoye, ta ga aikin hannunta na shekara biyu: duk inda take son sabon babi ya fara a sabon shafi, maɓallin sauka layi ta yi ta dannawa, sau tara, sau goma sha huɗu, har rubutun ya tsallaka. Kanun maganarta kuwa ba kanu ba ne a wurin manhajar, rubutu ne kawai da aka kumbura aka baƙanta. Ƙumshiyar ma da hannu ta jera ta, ɗigo bayan ɗigo. Ta share layukan banza, ta sa alamar tsallaka shafi ta gaskiya da Ctrl da maɓallin sauka layi. Ta bi kowane babi ta ba kansa salon kan magana na ɗaya, ƙananan sassa na biyu da na uku. A Word na Faransanci irin na shagunan Gaya su ne Titre 1 da 'yan'uwansa. Wannan ya ci mata yini guda da rabin dare. Da ta gama ta danna Ctrl da F, taga ta buɗe a hagu, wadda tun Word 2010 take jera kanun magana kamar ƙashin bayan kundi. Ta kama kan sashen dafa gishiri da linzami, ta ja shi sama da na jadawali, ta saki. Ya tafi da duk abin da ke ƙarƙashinsa, daga kankarar ƙasa har ɗaurin kaba, bai bar ko wasali ba. Abu guda ya ba ta wahala: jadawalin a kwance yake, kuma alamar raba sashe ita ke riƙe da tsarin takardar da ke gabaninta, don haka sai da ta duba ta tabbata ba ta bi ayarin ba.

A nan ne mai koyar da kwamfuta zai ce aiki ya ƙare. Ga ɗalibin harshe kuwa a nan ya fara. Ta koma farkon babin tana karantawa a bayyane, irin yadda dattijon ya yi, sai ta ji rubutun yana tuntuɓe ko'ina. Layi na huɗu na sashen da ta ɗauko yana cewa sai a zuba ƙasar a kwandon. Wane kwando? Madangancin nan da ke liƙe a ƙeyar kalmar alkawari ne ga mai karatu cewa ya riga ya san abin da ake nufi, kuma a tsohon jeri ya sani, domin bayanin jadawali ne ya fara cewa akwai wani kwando da ake yi da kaba. Yanzu kwandon ya riga wani kwando zuwa da shafi shida. Mai karatu zai haɗu da baƙo ana yi masa maganar sani, sa'an nan daga baya a gabatar masa da shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Haka matar ta riga wata mata, tukwanen suka riga wasu tukwane. Inda ta rubuta “kamar yadda aka gani a jadawalin da ke sama”, jadawalin ya koma ƙasa. “Wannan kalma” ta rasa kalmar da take nunawa, “ita ma” ta rasa abokiyar tarayya, wani “amma” ya tsaya a farkon sakin layi yana musun maganar da ba a yi ba tukuna. Ta tuna littafin Halliday da Hasan na 1976 da suka haddace don jarrabawa a aji uku, da jerin hanyoyin da matani ke ɗinke kansa, ta yi mamakin yadda ta amsa tambaya a kansa ta ci, alhali ba ta taɓa ganin zaren da idonta ba sai yau da ta tsinke shi.

Maganar tsohuwar, wadda ta kwafo daga rikoda, ta fi komai ƙin taɓuwa. Da shuɗaɗɗen lokaci na biyu aka saƙa ta, irin na Hausar yamma: munka tashi da asuba, munka kankaro, anka zuba, anka tace, sannan anka hura wuta. Kowane munka yana tsaye ne a kafaɗar na bayansa. A ilimin nahawu ana cewa wannan siga ita ke jan labari gaba, mataki bayan mataki, to ga shi a aikace: ba a shiga irin wannan zance ta tsakiya, kuma ba a juya shi, sai dai a yi wa mai maganar ƙarya. Abin da ya sa kunnen tsohuwar ya kama kuskuren cikin daƙiƙa ke nan, ita da ba ta san harafi ko ɗaya na boko ba.

Wurare talatin da huɗu ta gyara. Lambobin misalai, waɗanda da hannu ta buga su, ta mayar da su masu ƙirga kansu, ta kuma mayar da kowane “duba misali na kaza” nuni mai bin misalinsa duk inda ya koma, ta yadda Ctrl da A sa'an nan F9 ke sabunta su gaba ɗaya tare da ƙumshiya. Wannan na'ura ta iya. Wani da wata da madanganci kuwa babu maɓallin da ke gyara su. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya yi zango guda cur yana koyon dabarun bincike, a koya masa yadda ake jera manazarta har waƙafi da aya, amma ba a ware sa'a guda an nuna masa salon kan magana ba. Mafi yawa sai ranar tafiya suke fafe wannan gora, a shagon wani, da kuɗin motarsu.

Saura kwana huɗu ta koma Gaya. A wannan karo PDF ta kai, wanda ta fitar daga kwamfutarta da zubin haruffanta a ƙulle a ciki. Saurayin ya duba ƙasan allo ya ce 116, ta ce haka ne, 116 ne a wurinta ma. Jika biyar da dala ɗari da sittin kowane kwafi. Ya tambaya ko akwai abin da za a yanka, ta ce a'a. Ta sa aka buga biyu, ɗaya na Sakkwato, ɗaya na gida wanda ba a ɗaure ba.

Da yamma ta sake karanta wa kakarta babin daga farko. Tsohuwar ta saurara ido rufe, ba ta tsayar da ita ba sai sau ɗaya, a kan kalmar ruwan farko, inda ta ce a ƙara ja wasalin ƙarshe. Ta gyara da biro a kwafin biyu. Na gidan ta kai wa dattijon ya ajiye mata a cikin littattafansa. Ya juya takardun, ya dubi lambar da ke tsakiyar ƙasan kowace, bai ce komai ba. Ya jawo tawada da alƙalamin kara.

“Amarya, karanta man kalmar farko ta wadda ke biye.”

Ta karanta, ya rubuta ta da ajami a kusurwar hagu, ya hura, ya kife takardar, ya ɗauki ta gaba. Sun kai shafi na 19 ladan ya kira magariba. Ya ɗora dutsen da yake danne buzu da shi a kan tarin saboda iska, ya ɗauki buta.